Jan Zare a Tazuge

Zuwa ga ɗana Salifu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa ka sauka lafiya, ya sa kamyon nan, babbar motar garin Barmu, bai jijjiga maka ƙasusuwa fiye da yadda ya saba yi wa mutane ba. Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki a ƙauyen da gwamnati ta tura ka koyarwa. Innarka tana gaishe ka. Labarin gida ba ni da shi, yadda ka bar mu haka muke. Wannan takarda na sa ta a aljihun sabon wandonka tun kafin a ɗaure akwati, don na san nan hannunka zai fara shiga.

Ka tuna ranar da ka zo rumfata a kasuwa ina gwada maka wandon. Na duƙa ina auna ƙugunka, allura a bakina, sai ka ce da ni kamar da wasa: "Baba, in na tahi can ina ganin in rage ƙwayag ga. Dubi yadda ta maishe ni, abukkaina har Mushe Tulu suke kirana, wai malam mai ciki kamar tulu." Ban amsa ba. Ka ɗauka allurar ce ta hana ni, to ba ita ba ce. Ni da kai ba mu saba doguwar magana ido da ido ba, kai ka sunkuyar da kai, ni in kama neman zaren da bai ɓace ba. Ga amsar nan da bokon da na koya a ajin manya. In ka ga kuskuren rubutu kada ka sa mini jan alƙalami, ni ba ɗan ajinka ba ne.

Ciwon nan namu iri ɗaya ne, lokotoro, wato likita, ma ya faɗa, kuma daga wurina ka ɗauko shi yadda ka ɗauko dogon hanci. Yana da tashi yana da kwanciya. In ya tashi barci ya ƙaura, baki ba ya rufuwa, mutum ya ga babu abin da ya fi ƙarfinsa a duniya. In ya kwanta, ɗaga kai daga tabarma ma aiki ne. Ka ɗanɗana duka biyun a shekararka ta ƙarshe a makaranta, ba sai na yi maka bayani ba. Ƙwayar nan ita ta tsayar da mu a tsakiya. Amma tana zuwa da yunwa da ƙishi da nauyin jiki, wannan ma gaskiya ne, ba zan ce ka yi ƙarya ba. Na riga ka bin hanyar, na kuma yi ɓatan kai a cikinta ba sau ɗaya ba, shi ya sa nake so ka ji inda na bi.

Lokacin da aka dawo da ni daga gidan likita na Yamai ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kai kana makarantar kwana. Na dawo a rame, riga tana rataye a kafaɗata kamar an shanya ta a kan darni. An haɗo ni da ƙwayoyi cikin ƴar kwalba, aka ce in sun ƙare in je wurin majo, babban mai jinya na nan Tawa, in karɓi wasu. Ba da jimawa ba barci ya dawo, hankali ya zauna, sai kuma ga wata yunwa da ban taɓa sani ba. Ba irin ta mai noma ba ce, wadda in ka ci ta tafi. Wannan sai ka ci ka wanke hannu, ka koma kan keken ɗinki, tana nan zaune kusa da kai tana jira ƙamshin ƙosai ya gitta.

Mutanenmu kuma ka san su, ba su da wata hanyar cewa sannu sai da kwano. Wannan gida a aiko masa, wancan a aiko dambu yana ƙyalli da mai, mahauta su naɗo tsire a takarda. Gwaggo Zali, ƙanwar mahaifina, ta hau jaki tun daga Kalfu da goran man shanu, ta kuma rantse ba ta komawa sai ta ga wuyana ya cika. Takan zauna ta sa ni gaba, ta kwarara mai a kan tuwo har ya yi iyo, in na janye hannu ta tura akushin. "Ci, ɗiyana," in ji ta. "Ramamme iskoki ka kamu. In ka yi nauyi ba su iya ɗaukakka." Ni kuwa abin ya zo mini daidai, yunwa tana tura ni, gwaggo tana ja na.

Kafin damina ta zagayo na cika na batse. A kasuwa kowa ya gan ni sai ya ce Abdu tela ya murmure, jiki ya yi kyau, ciwo ya tafi. Har da masu cewa arziki ne ya fara sallama. Na yarda da su, ina ma shafa tumbi in na tashi daga cin abinci. Nan na fara ɓata, don na ɗauki ƙiba a matsayin shaidar warkewa, alhali rabinta aikin ƙwaya ne, rabi aikin man gwaggo.

Ka ji wannan da kyau. Kumatu ba su ne lafiya ba. Lafiya ita ce ka yi barci ka tashi, ka yi aikinka, ka tuna abin da ka faɗa jiya ba tare da kunya ta kama ka ba. In mutanen can suka ce Mushe ya yi kyau, ka ce madalla, amma kada ka ƙara loma saboda su. In abokanka suka ce tulu, ka yi dariya, amma kada ka rage ƙwaya saboda su. Dukansu kallo kawai suke yi su wuce, kai ne za ka kwana da jikin.

Ƙishin ma ya ruɗe ni, kuma na daɗe ban gane shi ba. Ƙwayar tana busar da baki, ka sani, harshe ya yi kamar ka tauna garin rogo. A ƙasarmu kuwa in ka ce a ba ka ruwa, fura ake damawa a miƙo maka, ba mai ba babban mutum ruwa tsura sai in ya raina shi. Ina da ƙwarya a ƙarƙashin keke, tun hantsi har la'asar ludayi bai huta ba. In ta ƙare in aika a ƙaro. Da za ka tambaye ni a lokacin, sai in rantse maka ban ci komai ba tun safe, ruwa kawai nake sha. Ashe gero nake ɗurawa wuni guda, da nono, wani lokaci har da dabino a ciki.

Ban ce ka bar fura ba, wanda ya bar fura a Adar me zai ci? Amma ka ba ta lokacinta, da rana, ka zauna ka sha ta a matsayin abinci, ka kife ƙwaryar. Sauran wuni ka ajiye tulun ruwa a bakin aji. In baki ya bushe ka fara da shi, ko ka sa asawaki ka yi ta taunawa. Sau da yawa abin da kake ji kamar yunwa, in ka sha ruwa ka ɗan dakata, sai ka ga ya wuce.

Sai shayi. Ka san Agali, Buzun nan maƙerin azurfa da ke rumfar da ke kusa da tawa. Tun kafin a haife ka muke shan shayi tare, ya fasa kan sukari da ƴar gudumarsa ya jefa a buta ba tare da tausayi ba. Da na dawo daga Yamai sai ya ƙara hannu, wai don in samu ƙarfi. In na sha na fari da na biyu da na uku da safe, da yamma a sake sabon zagaye. Sukarin ya tafi tumbi, ganyen ya tafi ido, in kwanta in yi ta juyi. Ba abin da ciwon nan yake so kamar a gajarta masa barci. Daga baya, da na gane, na ce wa Agali ya riƙa zuba mini nawa kafin ya sa sukari, kuma in la'asar ta yi a cire ni a lissafi. Ya ɗanɗana nawa sau ɗaya, ya yamutse fuska cikin rawaninsa ya ce, "Wanga ba shayi na ba, Abdu, horo na." Har yau haka yake zuba mini, kuma har yau sai ya yi tsaki. Can inda za ka, Buzaye sun fi nan yawa, buta ba ta sauka daga wuta. Ka zauna da su, ka karɓi ƙaramin kofi ɗaya da hantsi, ka yi hira. Zama ake so, ba wanda zai ƙirga maka kurɓi. Goro ma haka, da yamma ka bar shi a aljihu.

To, nauyi ya ci gaba har ya daina zama abin yabo. Gwiwoyina suka fara ƙara, in na yi sujada sai na dafa ƙasa da hannu biyu kafin in miƙe. Tumbi ya shiga tsakanina da keke, ina ɗinki ina leƙen allura ta gefe. Daga gida zuwa kasuwa sai na tsaya hutawa a inuwar masallaci. Ranar da tazugen wandona ya kasa ɗauruwa, ni tela, na ji kunyar da ban san inda zan sa ta ba. Waɗanda suka ce na yi kyau su ne suka koma tambayata cikin wata nawa ne.

Abin da na fara yi shi ne horon ciki da yunwa. Na ce daga yau ba karin kumallo ba abincin rana. Ban shawarci kowa ba. Na yi ta fama, jiri yana ɗibata duk lokacin da na miƙe, don ƙwayar ma da kanta tana kawo jiri, balle a kan ciki wofi. Wata rana na tashi in miƙa wa mutum rigarsa sai na ji ni a ƙasa, Agali yana yayyafa mini ruwa. Kuma duk abin da na hana kaina da rana, da magariba sai in rama shi har da riba, in share tuwona in leƙa tukunya. Ko ɗigo ban ragu ba, sai faɗa da na ƙara yi da innarka. Kada ka gwada wannan. Ka ci da safe, ka ci da rana, ka ci da yamma, kowanne daidai. Mai jin yunwa ba ya iya zaɓen abinci, abin da ya tarar shi zai afka wa. In azumi ya matso, ka zo ka ji ta bakin lokotoro tukuna, sannan ka ji ta bakin malam, kada ka yanke da kanka.

Da yunwa ta ƙi yi mini aiki sai na juya kan ƙwayar. Na ce ai ita ce mai laifi, kuma na warke, me ya rage? Maganar da ka faɗa mini a rumfa ita na faɗa wa kaina, kusan kalma da kalma. Na fara da rabi, daga nan na bari gaba ɗaya. Kuma zan gaya maka gaskiya don kada ta zo maka ba zato: da farko daɗi na ji. Yunwa ta ragu, jiki ya yi sauƙi, ƙafata tana taka keke kamar ta saurayi. Na ce ashe tuntuni cutata ake yi. Barci ya fara gajarta, ban damu ba, na ce ai aiki ne ya yi yawa, tunda Layya ta matso kuma rumfata ta cika da yadin mutane.

Labarin laima ka san shi, duk Tawa an san shi. Abin da ba ka sani ba shi ne daga tumbi ya faro. Wata rana da hantsi na bi ta kasuwar dabbobi, na ga mutane da raguna a tsaye cikin rana, sai na ji a raina cewa ni ne zan yi musu inuwa, su duka, daga wannan gefe zuwa wancan. Ban ji alamar hauka a ciki ba ko kaɗan. Na ji kamar tun da aka kafa garin ba a taɓa yin tunani mai kyau irin wannan ba, har ina mamakin yadda ba wanda ya riga ni. Na koma rumfa na ɗauki almakashi. Shadda, farin yadi, atamfar mata, saƙi, duk abin da aka kawo mini na ɗinkin Sallah na yanka na haɗa, ina ɗinki ina waƙa. Agali ya riƙe mini hannu na ture shi. Kafin a kira innarka da ƴan'uwana, babu yadi ɗaya da ya rage a yadda mai shi ya kawo shi.

Mutane suka zo. Na ɗauka za a yi zagi, da an yi ma da ya fi mini sauƙi daga baya. Akwai wani dattijo, Malam Hamidu, da ɗansa ya aiko masa farar shadda daga Kurmi, can kudu, irin wadda bai taɓa sawa ba tun da yake. Ya tsaya yana bin laimar da ido har ya gano tasa a tsakiya, tsakanin wata jar atamfa da baƙin saƙi. Ya sa yatsa ya shafa ta, ya ce, "Allah shi ba ka lahiya, Abdu," ya juya. Da tsohuwar rigarsa ya je idi, kuma bai ga wata Layyar ba. Wannan yana cina har gobe.

Bayan tashin sai kwanciya ta biyo, yadda ta saba. Na shafe rani a ɗaki ina kallon bango, innarka tana bin gidaje tana ba da haƙuri. Da na koma kasuwa ba wanda ya yi mini gori. Ana gaishe ni, ana tambayar jiki, sannan a wuce da yadi a hammata zuwa rumfar wani. Sai da na yi shekaru ina facin tsofaffin riguna kafin a sake miƙo mini sabon yadi ba tare da an tsaya ana kallon hannuna ba. Guntun laimar shi ne inuwar awakin innarka da kake gani a bayan gida, ita ta ƙi a ƙone shi. Ni yadi aka ba ni amana, Salifu. Kai ƴaƴan mutane za a ba ka, a ƙauyen da wasu iyayen ma da ƙyar suka yarda a rubuta ƴaƴansu a lakkwal, makarantar boko. In abu irin wannan ya same ka a gaban aji, ba kai kaɗai za a janye wa ba, har makarantar.

Da aka mayar da ni kan magani, majo ya zaunar da ni. Mutumin kudu ne, Kirista, ba ya ɗaga murya. Ya tambaye ni me ya sa na bari, na ce ƙiba. Sai ya ce me ya hana in zo in faɗa tun farko, ai awon ƙwaya ba dutse ba ne, ana dubawa. Ya shigar da ni wurin lokotoro, shi kuma ya ɗan rage da hannunsa, ya mayar da mafi yawanta lokacin kwanciya don nauyin jikin ya tafi cikin barci. Ya kuma ce kada in sa rai zan koma siririn da nake a da, wani abu zai ragu, wani zai zauna. Abin da na yi wata da watanni ina ƙullawa a raina, ashe maganar zama ɗaya ce. In ka ga ƙwayar ta yi maka yawa, ka zo ka faɗa da bakinka, ka nace in ba a saurare ka ba. Ragewa aikinsu ne, kada ka karɓe musu.

Sauran gyaran a gida aka yi shi, kuma innarka ta fi ni ƙoƙari. Ta daina haɗa ni akushi da baƙi, don in hannaye suka yi yawa ba na sanin abin da na ci. Ta nemo ƙaramin akushi ta ce wannan ne nawa, abin da ya shiga shi ke nan, ba ƙari. Tuwon ta rage masa girma ta yawaita miya, kuka ko kuɓewa ko lalo, mai kuwa ɗan abin da zai ba da ƙamshi. Ta shuka zogala a bakin wurin wanke-wanke, kullum akwai kwaɗo da albasa da ɗan ƙuli-ƙuli, shi nake fara ci kafin in taɓa tuwo. Da damina tafasa da rama da yaɗiya, da rani busasshen ganye. Wake ya zama abokina, don yana zama a ciki ya daɗe, ba kamar masa da fanke ba da kana gama ci suna neman ƴan'uwansu. Nama in an samu, gasasshe ko dafaffe, ban da kitse. In yunwar nan ta banza ta zo tsakanin abinci, ina da goriba a aljihu. Kafin ka gama gwagwiyar goriba ɗaya muƙamuƙi ya gaji, yunwar ma ta yi fushi ta tafi.

Tafiya kuma na mayar da ita dole. Na bar gajeriyar hanya, nakan zagaya ta bakin tabki da safe kafin rana ta yi zafi, da hula a kai, don ƙwayar ba ta shiri da rana. Da farko mutane suna tambaya ko jakina ne ya ɓace. Kai aikinka tsayuwa ne da zama, alli ba ya sa gumi. In an tashi daga aji ka taka zuwa rijiya ko gonaki, in akwai fili ka kafa ɗan lambu a bayan makaranta ka riƙa ban ruwa da hannunka. Ban koma siriri ba, kana gani. Amma ina sujada in miƙe ba dafa ƙasa, kuma tun daga lokacin ban sake yanka abin da ba a ce in yanka ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna game da inda za ka. Baƙon malami a ƙauye ba ya ɗora tukunya. Gida-gida za a riƙa aiko maka kwano, kowace mace tana so a ce nata ya fi, kuma gwanintar a mai ake nuna ta. Ba mugunta ba ce, karamci ne, irin na Gwaggo Zali. In ka mayar da kwano yadda ya zo ka ci mutuncin gida guda, gobe ba za ka ga ɗansu a aji ba. In ka cinye duka kuma, kafin hutu sai an faɗaɗa ƙofar ajin. To ka karɓa da hannu biyu, ka sa albarka, ka ɗebi naka a ƙaramin akushin da innarka ta sa maka a kaya. Sauran ka fitar da shi zaure, ka kira maƙwabta da duk matafiyin da ya sauka. Kwano zai koma wankakke, mai shi ta ji daɗi, kai kuma a ce Mushe mai hannu sake ne.

Kuma tun makon farko ka je wurin mai gari ka roƙe shi ya tsayar maka da gida ɗaya da zai riƙa yi maka abinci. Ka gaya wa mai gidan ya faɗa wa iyalinsa cewa lokotoro ya hana ka mai da sukari. Na lura mutanenmu ba sa jin "na ƙoshi," sai su ce kunya ce, su ƙaro. Amma suna jin "lokotoro ya hana," har su riƙa tsare ka da kansu. A akwatinka akwai busasshiyar zogala da wake, ka ba su su riƙa sa maka. Akwai kuma kwalbar man shanu can ƙasa, innarka ta cusa ta tana tsammanin ban gani ba. Ita da ta yi shekaru tana auna mini mai da ɗan cokali, da aka zo kan ɗanta sai hannu ya kuɓuce. Ban cire ba. Ka kai wa iyalin mai gari, ka ce tsaraba ce daga Tawa.

In ka zauna ka fahimci mutane, ka zaɓi dattijo ɗaya mai riƙe magana ka gaya masa ciwonka, ba sai gari ya ji ba. Ka ce in ya ga ka daina barci, ko maganarka ta yi yawa tana tsalle daga wannan zuwa wancan, ko ka shige ɗaki ka ƙi fitowa, ya ba direban kamyon ranar kasuwa saƙo zuwa rumfata. Ni da na samu wanda na ba wannan izini tun farko, da Agali bai tsaya riƙe mini hannu shi kaɗai ba. Kuma kada ka bari kwalba ta kai ƙasa kafin ka nemi wata, hanyar can in ruwa ya sauka ba ta da tabbas.

Saura maganar wandon. Kaki ne tsukakke irin na ma'aikata yadda ka ce kana so, amma na sa masa tazuge maimakon bel, kuma da dalili. Ka zaro bakin tazugen ka duba, za ka ga na ɗinka jan zare a kowane gefe, ɗan nesa da inda kake ƙullawa yanzu. Can babu sikeli, kuma ido yana ruɗin mai shi, amma tazuge ba ya ƙarya. In ka ga ƙullin yana matsowa wajen jan zaren, ka waiwayi ƙwaryar fura da butar shayi da kwanonin mutane, ka ƙara tafiya. Sau da yawa wannan ya isa.

In kuma ka yi duk abin da za ka iya, ƙullin ya kai jan zare ya wuce, to ba ka yi laifi ba, kuma ba ƙwaya za ka taɓa ba. Ka juya wandon ka duba ɗinkin baya. Na bar yadi a naɗe a ciki, mai yawa, fiye da yadda nake bar wa kowa. Ka kawo mini shi da hutu, in farke in buɗa maka, mu je wurin lokotoro tare. Aikin ɗan lokaci ne, kafin Agali ya sauke buta na gama. In ka dawo mini da ƙiba, Salifu, ina da almakashi da zare. Shaddar Malam Hamidu ce har yau ban san yadda zan mayar ba.

Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da na dare da na rana, ya ba ka barci mai daɗi da hankali kwance, ya sa yaran da aka ba ka su amfana da kai. Allah ya dawo mana da kai lafiya, ko da wane irin ƙugu. Ka gaishe da mai gari da mutanen gidan da ka sauka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Abdu tela, Tawa